Cinyar Zabo a Aljihun Rigar Aro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaishe da mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema, a wani ƙauye gefen Makoɗa. Shekarar ce da masara ta gagari talaka, ni kuwa malamin firamare, rabona da nama har na manta kamanninsa. Babbar rigar jikina ma ta abokina ce.

Aka shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo tuwo da zabo guda. Zabo fa! Amma kowa ya san suruki ba ya cin abinci a gidan surukai. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe nake." (Cikina kuwa har ƙugi yake.)

Baba ya fita alwala, ya bar ni da autarsa Ummi, 'yar shekara tara, zaune a kekenta na guragu. Tun wahalar haihuwa ƙwaƙwalwarta ta taɓu, hannuwanta suka sandare. Na gaishe ta, na ga bakinta na motsi ba abin da ya fito. Ni da shegen wayona sai na yanke cewa yarinyar nan ba ta magana, ba ta gane komai.

Jama'a, na buɗe kwano. Na danna ƙirjin zabo a baki, na cusa cinya a aljihu saboda hanya, na jera sauran yadda ba za a gane ba. Har na ɗaga mata gira na ce, "Rigar ma aro ce, Ummi."

Baba ya dawo da ƙannensa biyu, yana cewa, "Kun ga yaro mai kunya, ko kwanon bai taɓa ba."

Sai Ummi ta ja numfashi. "Baa... ba."

Nan take zauren ya yi tsit. Ashe a asibiti an ce musu hankalinta garau yake, harshe da leɓe ne ba sa yi mata biyayya, don haka doka ce a gidan: in Ummi ta fara magana ba mai katse ta, ba mai ƙarasa mata.

"Yaa... ci."

Na yi tari. Na ce, "Baba, bana damina kuwa..." Ya ɗaga min hannu. "Dakata Malam, Ummi na magana."

Wayyo Allah! Da mai saurin baki ce ai da tuni an wuce wurin. Kalma ɗaya sai ta huta, ta sake ɗaukar wata, ni kuwa na san Rabi ta kuɓuce min.

"Cin... ya. Al... ji... hu."

Duk suka kalli aljihuna, inda maiƙo ya riga ya zana taswira. Na ce shi ke nan, ta gama. Ina! Ta sake jan numfashi.

"Rii... gar... a... ro."

Ƙannen Baba suka kife da dariya. Shi kuwa ya shafa kanta ya ce, "Madalla, yau kalmominki sun fita tas." Sannan ya leƙa cikin gida: "Rabi, kawo wa mijinki leda, kar ya ɓata rigar mutane."

Mijinki! A haka aka ba ni mata.

Tun ranar na koyi cewa jinkirin baki ba jinkirin hankali ba ne. Har yau in na je gidan, Ummi nake fara gaisarwa, hannuwana biyu a waje inda za ta gan su.