Jif ɗin Gwamnan Albasa

Duk Jega babu wanda ya san mota kamar Alhaji Maccido. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa jin ya ƙaryata kansa ba. Dillalin albasa ne da Allah ya ɗaukaka a kasuwar Aliero, kuma tun da ya ɗaukaka ya daina taɓa albasa da hannu, sai dai ya nuna ta da tsinin takalmi. 'Yan dako suna kiransa Gwamnan Albasa. Yana amsawa, har da ɗaga hannu.

Bana sai ya ga ya kamata manoma da dillalan albasa su more shi, ya tsaya takarar shugaban ƙungiyarsu. Za a yi zaɓen ran Asabar bayan azahar a Sarandosa, kuma ƙa'ida ɗaya ce: ɗan takarar da bai halarta ba, an cire sunansa. Abokin karawarsa Waliyyu ne, wani manomi mai tsohon babur. Daga Maiyama zuwa wurin taron akwai busasshen rafi mai rairayi. Mata suna ratsa shi da tallarsu a ka. Alhaji ya ce balaguro ne na ratsa daji, sai da jif mai ja da ƙafa huɗu.

Ya tafi filin motoci da Ummaru, direbansa na shekara ashirin. Ummaru ya kwanta a ƙarƙashin wata tsohuwar jif mai tsawon ƙafa, ya duba giya, ya girgiza tayoyi, ya fito da baƙin mai a goshi ya ce, "Ranka ya daɗe, wagga ita ka zuwa."

Alhaji bai ji ba. Yana tsaye gaban wata baƙa mai sheƙi, yana gyara hularsa a jikin ƙofarta. Ya gwada hon sau uku. Ya zauna a baya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya tambaya ko ana hango shi daga waje.

"Ummaru," ya ce, "ku direbobi ƙarƙashin mota kuka sani. Mu manya samanta muke dubawa. Talaka ba ya zaɓen giya. Kwarjini yake zaɓa."

Ummaru ya ce to. Aka sayi baƙar. Ya saka shebur da katako biyu a bayan motar. Alhaji ya sa aka fitar da su, don kada a ɗauka shi birkila ne. A wurinsu aka jera kwalayen da ke ɗauke da hotonsa.

Ran Asabar da hantsi suka wuce Maiyama, Alhaji na ɗaga wa masu shayi hannu. A bakin rafi Ummaru ya tsaya, ya ɗauki ƙusa ya durƙusa gaban taya. Duk direban da ya san rairayi ya san sai an rage wa tayoyi iska, su baje, sannan mota ta taka ta wuce.

Gilashi ya sauka. "Mi kake yi?"

"Iska zan rage, ranka ya daɗe."

"Ka sace wa motata iska? In shiga taro da tayoyi a kwance kamar motar itace? Wannan mota Turawa sun gwada ta a hamada. Taka mai!"

Ummaru ya mayar da ƙusarsa aljihu, ya taka mai. Jif ta yi gurnani irin na manya, ta shiga tsakiyar rafi, ta fara haƙa. Ƙafa huɗun duka suka yi aiki, babu wadda ta yi ha'inci. Cikin minti biyu ta zauna a kan cikinta.

Ana haka sai ga Waliyyu a kan baburinsa. Ya tsaya ya ce, "Alhaji, hau in kai ka, lokaci na tafiya."

"Wuce, yaro. Injin ne ke hutawa."

Waliyyu ya wuce. Ummaru ya yi ta tonon rairayi da kwalin hoton maigidansa, tun da shebur na Jega. Aka kira azahar. Alhaji ya kira mutum bakwai a waya yana sanar da su cewa yana dab da isowa. Aka kira la'asar.

Can sai ga shanun huɗa biyu da igiya da mai su. Ya ce sabon shugaban ƙungiya ne ya aiko su, kuma yana gaida Alhaji.

Haka Gwamnan Albasa ya shiga Sarandosa: shanu a gaba, jif a baya, don ta yi zafi ta ƙi tashi. Jama'a suka fito kallo. Alhaji ya ga taro, ya sauke gilashi, ya gyara hula, ya fara ɗaga hannu.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, Hafsatu, ta matso ta shafa jikin motar, ta leƙa baya, ta dubi Alhaji sama da ƙasa.

"Direba," ta ce, "amalanken nan naku ya yi kyau. Amma duk girmansa, buhu guda kuka ɗauko?"