Ɗanbala Mai Noma da Rediyo

"Ku yi ta kallon gajimare," in ji Ɗanbala a majalisar Yalwan Damai. "Ni kasuwar duniya nake kallo. Bana sai na gina rumbu mai bene."

Ka dai san irin mutumin. Rediyo a kunne, baki kamar famfon da ya ɓalle. Minista muke ce masa, shi kuwa yana amsawa. Gonar ma ta gado ce. Yayarsa Hadijatu, da ke aure a Gwaram, ita ta sa baki aka ba shi damina ɗaya. Ya cika rumbun gida, in ya kasa a miƙa wa ƙanensu Yunusa.

Ya shuka dawa kamar kowa. Ta kai gwiwa ke nan sai ya ji wai wata ƙasa can ƙetaren teku ta janye takunkumin da ta sa wa zoɓonmu. Washegari ya sa garma ya kife dawar.

"Yaya, abinci ne fa!" in ji Yunusa.

"Tuwo tunanin talaka ne. Matsa."

Zoɓo ya fara ganye, rediyo ta ce wata ƙasar kuma ta cire wa riɗin Afirka haraji. Ya tumɓuke zoɓo, ya watsa riɗi. Riɗi na leƙowa aka ce maƙwabta za su buɗe iyaka, wake zai yi daraja. Ya kife riɗi. Ranar da ya shuka wake, ranar ruwa ya ɗauke. Gona ta bushe ƙarau, ta yi sumul. Ko ciyawa ta gaji da shi.

Da kaka ta yi, manoman kewaye suka ga duk ƙasar Birnin Kudu babu masussuka irin gonar Ɗanbala. Kowa ya jibge dawarsa a can, aka yi ta bugu ana sheƙa. Ana cikin haka Hadijatu ta iso. Ta ga hatsi tsibi-tsibi, ta rangaɗa guɗa.

"Ɗan'uwana! Duk kai ka noma wannan?"

Da mai hankali ne, da ya faɗi gaskiya. Minista sai ya gyara hula.

"Kaɗan kika gani, Yaya. Rabi ma na ƙasar waje ne."

Ta aika a kawo amalanke a kai gida. Amalankenta ya iso tare da na masu hatsin. Kowa ya ɗure nasa a buhu, ya ce, "Minista, mun gode da fili," ya kora shanunsa. Hadijatu na tsaye tana kallo har aka kwashe tas.

"Yunusa," ta ce, "gona taka ce."

Ɗanbala ya yi tsalle ya haye tarin ƙaiƙayin da ya rage.

"Kar ki yi gaggawa, Yaya! Wannan ma na ji akwai ƙasar da take..."

Wata tsohuwa, Inna Dada, ta zungure shi da gindin tsintsiya.

"Sauka, ɗan nan. Ƙaiƙayin ma nawa ne."