Ranar da Madam Solange Ta Karanta Hausata

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta, da abin da na jawo wa kaina a watan ƙarshe na gwajin aikina. Wani ɗan kamfani ne a hanyar Owendo a ƙasar Gabon, mu shida kacal, muna rubuta manhajar kwamfuta wa masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Wata uku aka ba ni na gwaji. In na yi abin kirki a ba ni kontira, wato takardar ɗauka aiki, in ban yi ba in koma shagon babana a Nombakélé in ci gaba da auna atamfa. (Auna atamfa ba abin kunya ba ne, amma ga wanda ya shekara huɗu yana gaya wa 'yan unguwa shi injiniya ne, komawa bayan kanta sai an daure.)

A lokacin, duk aikinmu a cikin babbar kwamfuta ɗaya yake zaune, kuma da suna ɗaya kowa ke shiga. Wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya. Wani ya ɓata abu, ba a san ko wane ne ba. Ni kuwa na ci karo da labarin wasu sababbin kayan aiki da suka fara tashe, irin su Git da Mercurial. Abin da suke yi shi ne, kowane ma'aikaci ya riƙe cikakken kwafin aikin a kwamfutarsa, har da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi. In ka yi gyara sai ka adana shi da ɗan bayani na layi ɗaya, wannan shi ake kira komit. In ka shirya sai ka tura wa sauran, su ma su jawo.

Na karanta rabin littafin koyon Git, sai na zama malami. Ba wanda ban ishe shi da wa'azi ba, hatta mai gasa naman da muke saye da rana ya ji bayani. Shugabarmu, Madam Solange, mace ce 'yar Kamaru, doguwa, mai ƙaramar sarƙar gicciye a wuya da murya irin wadda ake ji daga bakin titi. Da na dame ta sai ta ce in gwada shi ni kaɗai na mako uku, in ya yi kyau kowa ya koma kai.

To ga inda na yanka wa kaina. Tunda komit a kwamfutata yake zama, sai na mai da wurin rubuta bayanin nan littafin sirri. Maimakon in rubuta da Faransanci kamar mutum mai hankali, sai na riƙa zuba abin da ke raina da Hausa. A zatona in an tura aiki, aikin ne kawai ke tafiya, bayanan su tsaya gida (wannan yana cikin rabin littafin da ban karanta ba). Ko ma sun tafi, wa zai gane? Ofis ɗin daga 'yan Gabon sai Madam, ni kaɗai ne mai salla a ciki.

Akwai wani abu kuma. Kafin a fara gwajin Git ɗin nan, manhajarmu ta nuna wa wani mai fitar da katako ranar tashin jirgi ba daidai ba, kwantenoninsa suka makara. Mutumin ya zo ya zazzage mana rashin mutunci. Da yake ɓangaren na Rodrigue ne, wani abokin aikinmu mai sanyin hali da ba ya ko ɗaga murya, shi Madam ta wanke tas a gaban kowa. Alhali ni ne na shiga na taɓa wurin. Na yi shiru, saboda kontira nake nema. Daga baya na lallaɓa na gyara, na adana da bayanina.

Ranar Litinin ɗin da mako uku suka cika, na tura aikin, na bi kowa tebur-tebur na nuna masa yadda zai jawo nasa kwafin. Sannan muka taru, aka haska allon kwamfutata a bango. Har sabuwar riga na sa. Na ce musu da Faransanci, cikin ƙasaita, "Yanzu ku ga abin mamaki. Duk abin da aka yi, ga wanda ya yi, ga ranar, ga dalili. Ba abin da ke ɓacewa."

Na danna, tarihi ya zubo a bango, layi bayan layi, da sunana a gefen kowanne.

"Na gyara maɓallin nan karo na huɗu. Uwar Tsawa ta ce shuɗin bai yi shuɗi ba."

"Yunwa nake ji, wannan ba aiki ba ne, bauta ce."

"Uwar Tsawa ta sa sabon gashi yau, Allah ya kawo mai gaya mata gaskiya."

Na dake. Wata abokiyar aikinmu ta tambaya wane yare ne wannan. Na ce ai 'yan alamomi ne na tunatarwa, irin na masu sana'a, ba su da wata ma'ana. Ina kai hannu zan rufe, sai na ji an ce daga bayana, da Hausa tsantsa, har da karin harshe:

"Tsaya mana, Malam. Wace ce Uwar Tsawa?"

Na waiga ina neman wanda ya shigo. Ba wanda ya shigo. Madam Solange ce, ta gyara tabarau tana kallon bango. Ashe a unguwar Hausawa ta Yawunde ta tashi, a gidan maƙwabta take cin tuwo, da 'ya'yansu ta yi wasa. Wata biyu da rabi ina amsa waya a gabanta da Hausa ina cewa "ga ta nan ta zo, sai anjima", ba ta taɓa ko ɗaga gira ba.

"Madam, wallahi... wato... suna ne na girmamawa."

"Na gode da girmamawa. Gashin kuma an riga ka gaya mini. Sauka ƙasa."

Na sauka ƙasan jerin. Ta bi layukan da ido har ta zo kan wanda nake addu'ar kada ta gani: "Gyaran ranar jirgi. Ni na ɓata, Rodrigue ya sha faɗa. Allah ya yafe mini, kontira nake nema." Wannan ba ta karanta a fili ba. Murmushin da take yi ya ɗauke.

Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya. "Madam, don Allah ki rufa mini asiri, yanzu zan goge."

"Ka goge na wa? Ba kai ka bi mu tebur-tebur da safe ba? Kowa na da nasa." Ta nuna bangon. "Zagina bai dame ni ba, ƙanena, na ji wanda ya fi shi. Wannan layin kuwa da mai shi. Kai za ka fassara ko ni?"

Ni na fassara, a tsaye, cikin sabuwar riga, da Faransancin da nake taƙama da shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ganin kaina ƙarami haka ba. Na so a ce Rodrigue ya zage ni. Bai zaga ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Kwana uku na yi ina duba aikina layi-layi, ina neman inda na yi kuskuren. Har na fara tunanin sana'ar ce ba tawa ba."

Ba a kore ni ba, ba a kuma ba ni kontira ba. Madam ta ƙara mini wata biyu na gwaji, ta ce duk komit ɗin da zan yi sai Rodrigue ya duba ya amince kafin ya shiga, kuma a ƙarshe shi zai faɗi ko a riƙe ni. Git dai aka karɓe shi hannu bibbiyu, kowa ya yaba, mai kawo shi ne aka sa wa ido. Wata biyun nan na yi su ina miƙa aikina ga mutumin da na bari aka ci wa fuska, shi kuma yana gyara mini cikin ladabi, abin da ya fi zagi ciwo. Da lokaci ya yi ya ce a riƙe ni, kuma har yau ban iya tambayarsa dalili ba.

Abin da na koya bai da yawa. Na ƙarasa karanta littafin. Na daina auna wanda ke jin Hausa da sunansa ko da abin da ya rataya a wuya. Sannan na gane cewa a wurin Rodrigue ya kamata in fara neman gafarar nan, ni kuwa na tsallake shi na kai wa kwamfuta.