Ranar da Aka Saka Labbo Cikin Na'ura

Jama'a, jiya na sha rana har ƙeyata ta gasu, kuma ba a layin mai ba. Maƙwabcina Labbo na raka asibiti, wani makiyayi da muke zaune tare a Gwashi. Ƙari ne ya fito masa a ƙasan kunne, ga ciwon baya tun damina. Likita ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, kuma ba zai sa wuƙa ba sai na'ura ta leƙa ta ga ko ya bazu cikin ƙashi.

Na'ura kuwa muna da ita, Allah ya ƙara wa shugabanmu, Ranka-ya-daɗe Uban Ayyuka, girma! Tun bara ta iso. Sai dai ba a ɓare ledarta ba, kamar sabon babur, wai sai shi da kansa ya zo ya yanka ƙyalle.

To, jiya ya zo, da jiniya da maroƙa. Wani jami'i ya bi layinmu yana duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kan Labbo.

"Yauwa, wannan kumburin zai fito sosai a talabijin. Baba, taso."

Aka kwantar da shi, ƙarti biyu suka tura shi ciki da hannu, aka ɓarke da tafi. Ni da shegen bin ƙwaƙƙwafi na leƙa bayan na'urar. Wayar wuta na nan a naɗe, bangon ko soket babu.

Da aka jawo Labbo, ya durƙusa. "Ranka shi daɗe, mi ta gani?"

Uban Ayyuka ya dafa kafaɗarsa, idonsa na kan kyamara. "Lafiya lau, Baba! A zamaninmu kowa lafiya lau!"

A hanya na ce, "Labbo, wallahi ba a kunna abin nan ba."

"Haba Malam! Babban mutum shi yi ƙarya gaban jama'a? Ni da likita kuma sai gaisuwa."

Raina ya ɓaci.

Yau da safe matarsa Marka ta zagaya gida-gida da fura da nono, sadakar godiya. Na tambaye ta jikin maigidan.

"Yau ƙafafun sun ƙi ɗaukar shi," in ji ta. "Amma ba komi, tunda manya sun duba."

Furar dai ta damu sosai, ba zan yi mata ƙazafi ba.