Akawun Panya a Bakin Turmi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da taɓare suka tona min asiri a Auyo ba.

Zamanin Turawa ne, na dawo daga Panya, tsibirin da Sifaniyawa ke noman koko. Ina neman auren Hajara, sai na shaida wa mahaifinta, Malam Bukar, cewa akawu nake a can. (Gaskiyar magana, saran daji na yi da adda har tafin hannuna ya yi kanta.)

Ranar na shiga gaida kakarta, Iya Falmata, na tarar mata suna surfen shinkafa a tsakar gida, Malam Bukar na gefe yana ɗinkin komar kamun kifi.

"Mijina na bakin teku," in ji Iya, "ɗan yi mana yaren mutanen, mu ji ko ya kai Barbarci daɗi."

Na gyara hula. "Trabajábamos. Wato, muna ta aiki."

"Tarabaha me?"

"Ba tara ba, Iya, tra, a haɗe. Gaɓa biyar ce: tra-ba-kha-ba-mos. Ta tsakiyar daga maƙogwaro take fita, irin kha ta Larabci, kuma ita ake dannawa."

Iya ta jefa wa masu lugude kalmar. Kowace taɓarya ta ɗauki gaɓarta, ta ukun na sauka da nauyi, tafi na cike tsakani. Na ji kiɗa a Ikko, na ji a Kumasi, amma ban taɓa jin kalmar baƙi ta zauna daram a cikin turmi haka ba. Abin da ban faɗa musu ba, da wannan kalmar muke waƙar sara a gonar koko, kuma a gaɓa ta uku adda ke sauka.

Ban san lokacin da na duƙa ba. Ganin kaina kawai na yi a sunkuye, riga a naɗe bisa kafaɗa, hannun dama na kai sara, hagu na ture ciyawar da babu ita.

Taɓare suka tsaya cak. Malam Bukar ya ajiye koma.

"Malam akawu, ashe alƙalamin Panya da nauyi yake."

Na miƙe ina warware rigata, shi kuwa ya ci gaba.

"Da ma abin da ya hana ni amsa maka, ban ga me akawu zai tsinana min a fadama ba. Jibi akwai yankan shinkafa. Ka zo da alƙalamin naka."

Na sami Hajara, amma Iya har ta rasu Tarabaha take kirana. Tun daga lokacin, in baki zai yi ƙarya, sai na fara tambayar kafaɗa ko ta amince.