Shekarar da Na Sallami Shanun Jauro

Ina neman gafarar gonata ta Jajimaji, domin ni na cuce ta. Shekarar da aka raba mana ruwan ƙarfafa shuka a Gashuwa, na karɓi kwalba biyu, ban tsaya jin bayanin malamin gona ba. Gani nake na wuce zamanin kashin shanu.

Da rani Jauro ya iso, Bafulatanin da ke kwantar da shanunsa a gonata duk shekara su bar mini taki. Na ɗaga masa kwalba. "Bana ka huta, Jauro, ga garkena nan."

Sai ya kaɗa shanunsa gonar maƙwabcina, Ba Modu.

Na yi feshi har sau uku. Gerona ya tsaya iya ƙugu, na Ba Modu kuwa in mutum ya shiga sai ya ɓace. Da na kai ƙorafi, malamin gona ya ce, "Baba, maganin buɗe ciki ne. Ka buɗe wa gero ciki, ka hana shi abinci."

Hatsin bai kai mu bazara ba.

Har yau in mun haɗu a kasuwa, Ba Modu sai ya ɗaga murya: "Malam, ya garke? Sun fita kiwo ko suna aljihu?"