Ranar da Gara Ta Tona Mini Asiri

Wata ran Lahadi na shiga cocinmu na Dogon Dutsi rungume da jakar Littafi Mai Tsarki kamar jariri. Fasto ya ba ni minti biyar in ƙarfafa 'yan'uwa, na ci ashirin. Na ce duk Kiristan da ba ya buɗe Littafi kowace safiya bai shirya ba. Har da nuna su da yatsa, ni malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe.

Gaskiyar magana, tun farkon damina jakar take jingine da bangon ƙasa na ɗakina, ban taɓa ta ba.

"Mushe, karanta muna," in ji fasto.

Na ja zif da isa. Ƙasa ta zubo mini a takalmi, gara na ta guje-guje. Ta huda ta baya, ta cinye daga Farawa har Zabura.

Sai wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ita dai ba ta fashin karatu."

Matata ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa don dariya.

Shekara biyu ke nan, amma har maƙwabcina Alhaji, in mun gaisa, sai ya ce, "Mushe, garar taka ta yi sauka? Yaushe walima?"